Takalmin Kan-Yatsa da Dutsen Goge Kaushi

Aikin ya zo mini ne daga wani mashgal wato shagon ɗinkin mata, da ke unguwar Aziziyya a Jidda, inda na daɗe ina karɓar ɗinki in kai gida Kurayyat, in gama in mayar. Wata safiya mai shagon ta ajiye wani abu a kan teburin yanka, fari, zagayayye, mai tauri, sai ka ce faifan da aka saƙa wa tukunyar biki. Ta ce telolinta kaf sun jujjuya shi sun ajiye.

"Ke ce ba kya gajiya da warwara," in ji ta. "Ɗauki ki duba. Wata makarantar rawa ce ke son irinsa da yawa."

Na ɗaga na duba, na ga ɗan kamfai ne a tsakiya, an kewaye shi da yadin tul hawa-hawa. Tul shi ne yadin nan mai huji-huji kamar gidan sauro, sai dai wannan ya fi tauri, har yana kartar hannu. Siket ne na masu rawar bale, rawar Turai da ake tsayawa a kan yatsun ƙafa. Turawa tutu suke kiransa, sunan da Bahaushiya ba za ta riƙa maimaitawa a gaban mutane ba, don haka ni siket nake ce masa har yau.

Lokacin garin ya fara sakewa, ana buɗe sinima da wuraren wasa, abubuwan da a da ake yi a ɓoye suna fitowa fili. Makarantar wani gida ne mai doguwar katanga a arewacin Jidda, unguwar masu hali. Mata ne zalla a ciki, direbobi a bakin ƙofa suke tsayawa. Mai makarantar 'yar gari ce, mace mai yawan turare da ƙarancin magana. Mai koyarwar kuwa wata dattijuwa ce 'yar Masar, siririya, miƙaƙƙiya kamar taɓarya. Kowa Abla yake ce mata, yadda ake kiran malamai mata a nan.

Siket na farko da na ɗinka ya kunyata ni. Na je Balad, tsohuwar unguwar kasuwa, na zagaya shagunan yadi na sayo tul, na tattara shi na ɗinka yadda na ga ya dace, na kai. Abla ta riƙe shi da yatsa biyu, ya lanƙwashe ya zubo kamar fiffiken kazar da ruwa ya daka. Ba ta yi dariya ba. Ta zaunar da ni a ƙasa, ta kife nasu na ainihi, ta nuna mini tsarinsa. Ni kuwa mace ce mai son a gaya mini abu daki-daki, na farko kafin na biyu, don haka muka fahimci juna.

Ana farawa da ɗan kamfan, shi ne tushe. A samansa a kafa ɗamara mai kama ƙugu. Sannan a yanka tul, kowane hawa da faɗinsa, a yi masa ƙananan ninki kamar na mafici. Mafi gajarta shi ne na ƙasa, mafi faɗi na sama. A hawa na tsakiya ake zura siririyar waya ta zagaye. Bayan duk wannan sai a ajiye keke a ɗauki allura, a riƙa ɗaure hawa da hawa da sassauƙan ƙulli, kada ya matse, kada ya sake. Ado da duwatsu su ne ƙarshe. Idan an gama, ba a rataye shi a tsaye, kife shi ake yi ko a kwantar. Wanda ya tsallake mataki ɗaya, sai ya warware duka.

Ba ni da mutum-mutumin gwaji irin na manyan shaguna. Abin da nake da shi 'ya ce, ita kaɗai Allah ya ba mu, a lokacin shekararta tara. Jikinta daidai da na yaran ƙaramin aji. Sai in ɗora ta a kan kujerar katako, in sa mata siket, in ce ta ɗaga hannu, ta juya, ta tsaya cak. Duk siket ɗin da aka yi rawa da shi a makarantar nan a shekarun farko, ita ta fara sa shi. Haifaffiyar Jidda ce, tana jin Hausa sarai, amma Larabci ya fi zama mata a baki. Idan fil ya soke ta, da Larabci take ƙara.

Ranar kai kaya nakan tafi da ita ta riƙe mini, domin siket ɗin ba ya naɗuwa, sai an baje shi a bayan tasi. Ina ɗakin awo, ita tana bakin ƙofar ɗakin rawa, tana kallon yara a jikin madubi suna riƙe da sandar katakon da ke bango. Ban san tana kwashewa ba sai ranar da na same ta a gida ta riƙe ƙofar firij tana lanƙwasa gwiwa, duga-duganta a haɗe, yatsun suna kallon gabas da yamma. Abla ma ta lura da ita a bakin ƙofar. Wata rana ta kira ta, ta ce ta cire silifas, ta kama ƙafar ta lanƙwasa, ta miƙe, ta daɗe tana dubawa.

"Ya hajja," ta ce da ni, "wannan ƙafar ba a sayenta a kasuwa. Ki bar mini ita, ta tsaya a layin baya."

Mahaifinta direba ne a gidan kafilinsa, Balaraben da ya tsaya masa zama a ƙasar, sai ranar Juma'a muke ganinsa sosai. Na gaya masa. Ya yi tambaya ɗaya, ko akwai namiji a wurin. Na ce babu. Ya ce to, kada ta bar salla, kada ta bar karatu. Mai makarantar ba ta ce i ba, ba ta ce a'a ba. Ta dai kawar da kai, muka ɗauki hakan a matsayin izini.

A wurin Abla na ji asalin abin, a guntu-guntu, ina durƙushe da fil a baki ina gyara wa yara ƙugu. Ta ce a fadar sarakunan Turai aka fara rawar, mata na sanye da riguna masu nauyi har ƙasa da takalma masu dunduniya, ba sa iya komai sai taku da rausaya. Sai aka rage rigar don a ga idon sawu, aka cire wa takalmin dunduniya don a iya tsalle. Daga baya aka zo da farin siket mai laushi har ƙwauri, don mai rawar ta yi kama da aljana mai shawagi. A wancan zamanin, fitilun dandamali wuta ce tsirara, kuma yadin nan ba ya jiran a ce masa kama. Ta ce akwai 'yan matan da suka ƙone a gaban 'yan kallo. Ba a daina ba. Aka ci gaba da ragewa har ya zama faifan da nake ɗinkawa, don a ga ƙafa tun daga cinya har yatsa. Takalmin kuma da farko laushi gare shi, sai dai a cike bakinsa da ɗinki, mace ta ɗaga kan yatsa na ƙiftawar ido ta sauko. Masu kallo suka ce a ƙara. Sai dukawa suka shiga taurara bakin da yadi da takarda da gam, hawa kan hawa, har mace ta iya tsayawa a kai ta juya.

Na ce mata, "Wato Abla, duk zamanin da ya zo sai ya rage wa mace sutura ya ƙara mata azaba a ƙafa."

Ta ce, "Haka ne. Amma jira ki ga taki ta hau."

Ta yi gaskiya, kuma ba na jin daɗin faɗa. Yarinyar ta yi shekaru a takalmi mai laushi, ta tashi daga layin baya ta dawo tsakiya, ta dawo gaba. Da ta kai sha biyu Abla ta danna mata ƙashin ƙafa ta ce ya yi ƙwari, ta kawo mata takalmin kan-yatsa na farko. Satin ne mai ruwan hoda mai haske. Na tambayi dalilin launin, aka ce launin fata ne, don ƙafa da takalmi su zama abu ɗaya. Na dubi 'yata, baƙa kamar ubanta, ban ce fatar wa ba. Ita da kanta ta ɗinka igiyoyinsa, don wai haka al'adar take. Ta matse bakin a jikin ƙofa, ta bubbuga shi a siminti har ya ɗan saki. Sannan ta kama sanda, ta tashi. Na ga tsawonta ya ƙaru, wuyanta ya miƙe, kamar ƙasa ta sake ta. Ni da na zo duba ɗinki, sai na tsaya da almakashi a hannu na manta abin da ya kawo ni.

Abin da masu kallo ba sa gani shi ne cikin takalmin. Wata da watanni tana dawowa gida da bororo a yatsu. Farcen babban yatsa ya yi baƙi ya fita, wani ya fito. Tana naɗe yatsun da filasta, ta cusa auduga, ta koma. Ba ta taɓa cewa ta fasa ba. A hankali fatar ta mutu ta yi kanta, a kan gaɓoɓin yatsu da gefen babban yatsa da bayan dunduniya, tauri kamar ƙirgi. Daga nan zafin ya ragu, ta fara jimawa a sama. Abla kan duba kantar nan yadda 'yan kasuwa ke duba hatsi, ta ƙwanƙwasa da farce ta ce, "Wannan ce dukiyarki, habibti. Takalmi yana mutuwa a sayi wani. Wannan kuwa sai an biya da jini."

Ƙafar ta yi muni, wannan ba ƙarya. Kuma akwai wadda munin ya tsaya wa a rai.

Yayar mijina a bene ɗaya muke, ƙofarta na kallon tamu. Ta zo aikin hajji da daɗewa ta zauna, ba iƙama, wato takardar izinin zama, ba Larabcin kirki. Da safe tana kasa goro da kuka da busasshiyar kuɓewa a bakin layi, idan ta hango motar 'yan sanda ta naɗe tabarma. Amma sana'ar da aka san ta da ita ƙunshi ne da gyaran amare. Duk amaryar Hausawa daga Kurayyat har Balad, da wuya ba ta bi ta hannunta ba. Ba ta haihu ba, ta ɗauki 'yata kamar ita ta haifa. Ni Yaya nake ce mata, yarinyar kuma Gwaggo. Ita kuwa ba ta kiran yarinyar da komai sai balbela.

"Balbela, zo ki tsaya mini da ƙafa ɗaya in gani," takan ce. "Oh ni! Mutane na neman wurin zama, ku kuna koyon tsayuwa a kan farce. Wa ya kore ku daga ƙasa?"

"Rawa ce, Gwaggo."

"Rawa ba kiɗan ƙwarya, ba karkaɗa ƙugu? Wannan ai horo ne. Miƙo ƙafar nan. Innalillahi! Amaryarmu, kina kallo 'yar mutane ta koma raƙumi?"

Amaryarmu take ce mini, ko da furfura ta fara fito mini. Nakan ce mata malamar ce ke son ƙafar haka. Sai ta taɓe baki ta ce malamar ba ita za ta aurar da ita ba.

A shekarar da yarinyar ta cika sha huɗu, makarantar ta kama wani babban zaure don wasan ƙarshen shekara, na farko da za a yi a wajen gidan nan. Mata ne zalla za su halarta, iyayen yara da 'yan uwansu da ƙawayensu. A cikin wasan akwai wuri guda da yarinya ɗaya za ta fito ita kaɗai cikin farin siket, sauran su ja baya. Abla ta zaɓi 'yata.

Maganar ba ta yi wa kowa daɗi ba. Ina ɗakin awo ina jin iyaye suna ƙus-ƙus, ana cewa 'yar tela, ana cewa Takruniya, sunan da suke kiran duk baƙin da ya fito daga wajenmu. Mai makarantar ta kira Abla ofis, suka daɗe. Da suka fito aka ce an daidaita: 'yata za ta yi, amma wata yarinya, 'yar ɗaya daga cikin manyan iyayen, za ta koyi rawar ita ma ta zauna a shirye. A gwajin ƙarshe mai makarantar za ta zauna ta kalla da idonta. Idan ta ga aibi ko kaɗan, a canja.

Abla ta ce da yarinyar, "Kin ji. Wasu kuskure uku ake yafe musu. Ke ko ɗaya."

Na ɗinka siket ashirin da wani abu a wannan kakar, amma farin nan shi na bari ƙarshe. Na zaɓi tul ɗinsa da kaina a wurin wani tsoho a Balad da ke ɓoye mai kyau a bayan kanta. Na yi awonsa a jikinta, ba a jikin kowa ba. Karo na farko ke nan da ta hau kujerar katako don a gwada mata abin da yake nata. Ta tsaya cak kamar kullum, sai dai ta kasa hana bakinta murmushi, har na ce ta rufe haƙora kada fil ya shiga.

Labari ya bazu a benenmu. Maƙwabta suka riƙa shigowa ganin siket, suna taɓawa, ina buge hannu. Yaya ta fi kowa ɗoki. Ta ce ashe balbelarta ce za ta tsaya gaban matan Larabawa ita kaɗai. Ta ce to lalle ne a fita kunya.

Ana gobe gwajin ƙarshe na ɗauki siket ɗin ƙananan yara na kai makaranta, na bar yarinyar a gida ta huta kamar yadda Abla ta umarta. Na tsaya gyare-gyare, wannan ya matse, wancan ya sake, ban dawo ba sai bayan la'asar. Tun daga matakala na ji ƙamshin lalle da turaren wuta da shewar mata. Ƙofar Yaya a buɗe take. Na leƙa.

'Yata na zaune a kan tabarma, an jingina ta da bango, ƙafafunta biyu a miƙe, an naɗe su da leda da tsumma har idon sawu. Idanunta sun kumbura. A gefe ga baho da ruwan da ya huce, ga dutsen goge kaushi, ga reza. Maƙwabta biyu na zaune suna cin gyaɗa.

"Amaryarmu, shigo ki ga aiki!" in ji Yaya. "Tun hantsi muke fama. Wallahi ko amaryar da ta yi noma ba ta ba ni wahalar ƙafar nan ba. Sai da na canja ruwan zafi na sake canjawa kafin ta yi laushi."

Na ce, "Yaya, me kika yi?"

"Me na yi? Na mayar da ita mutum. Na jiƙa, na goge, inda dutse ya gaza na bi da reza. Yanzu taɓa ki ji, kamar ta jariri."

Yarinyar ta ɗago ta dube ni ta ce da Larabci, "Umma, na gaya musu. Na ce Abla ta hana. Suka riƙe ni."

Ɗaya daga cikin maƙwabtan ta yi dariya ta ce, "Kuka kamar za a kai ta ɗakin miji. Duk amare haka suke yi, gobe ita za ta gode."

Na durƙusa na kwance tsumman. Lallen ya kama ja wur, an zana shi da kyau, ba zan yi wa Yaya ƙarya ba. Yatsun sun yi sumul. Inda kantar take, fata ce sabuwa, ja-ja, siririya kamar bayan albasa. Abin da yarinyar ta shekara biyu tana tarawa ya tafi a ruwan baho.

Na ce, "Yaya, ƙafar nan a cikin safa da takalmi za ta kasance. Ba mai ganinta."

Ta gyara ɗaurin kallabi ta ce, "A ɗakin canja kaya fa? Ba za ta cire takalmi ba? So kike 'ya'yan Larabawa su ga ƙafarta su ce ga Takruniya mai ƙafar 'yan dako? Ni ina raye ba za a yi wa jinin ƙanena wannan dariyar ba. Tun ina yarinya ban taɓa ganin an fitar da 'ya gaban taro ba a gyara ta ba."

Yayar miji ce, kuma a gaban mutane. Sai kawai na kama hannun 'yata muka tsallaka ɗakinmu.

Washegari muka yi abin da za a iya. Na naɗe kowane yatsa da filasta, ta cusa auduga fiye da kullum, har takalmin ya matse. A zauren Abla ta lura da tafiyarta, ta ja ta gefe ta ce ta cire. Da ta ga jan lallen da sumul ɗin yatsun, sai ta ɗago ta dubi yarinyar.

"Wa ya yi wannan?"

"Gwaggona. Don in yi kyau."

"Za ki iya?"

"Zan iya, Abla."

Na ɗaura mata farin siket da hannuna. Mai makarantar ta zauna a kujerar gaba ta ɗora ƙafa kan ƙafa, wasu iyaye a bayanta. Ni ina gefen dandamali da allura a ƙirji. Aka saki kiɗa, ƙananan suka yi nasu, manyan suka yi nasu, suka ja baya. Ta fito.

Farkon ya yi kyau, kuma ina so a san haka. Ta ratsa dandamalin a kan yatsa da ƙananan taku kamar ana jan ta da zare, siket ɗin na rawa kaɗan-kaɗan yadda ya kamata, bai lanƙwashe ba, bai karkace ba. Zauren ya yi tsit. Sai aka zo wurin juyi a ƙafa ɗaya. Ta yi na farko, ta yi na biyu. A na gaba na ga fuskarta ta canja, dunduniyar ta faɗo ƙasa da ƙara. Ta sake hawa. Ta sake faɗowa. Ta sake hawa, gwiwar na rawa, kuma a bakin takalmin dama wani jan ɗigo ya fito a satin yana ƙara faɗi. Abla ta ɗaga hannu aka kashe kiɗan.

"Halas," in ji mai makarantar, wato shi ke nan. Ba ta ɗaga murya ba.

Abla ta sauka ta sami mai makarantar. Ina jin su. Ta ce rauni ne na kwana kaɗan, ba rashin iyawa ba. Ta ce a bar ta ta yi da takalmi mai laushi, rawar za ta yi kyau a haka. Mai makarantar ta ce iyaye ba su zo ganin takalmi mai laushi ba, sun zo ganin kan-yatsa. Ta ce an yi sharaɗi, kuma ba ita ta karya ba. Sannan ta juyo ta neme ni da ido.

"Ya hajja, siket ɗin. Ki gyara wa ɗayar. Yalla, lokaci na tafiya."

'Yata na tsaye a tsakiyar dandamali. Ban kai gare ta ba ta kai hannu baya ta ɓalle ƙugiyoyin da kanta, ta zame siket ɗin, ta fita daga cikinsa. Ta kife shi yadda ake kifewa, ta miƙo mini da hannu biyu. Ta tafi gefe ta zauna a ƙasa tana kwance igiyar takalmi, ba ta yi kuka a gabansu ba.

Ɗayar yarinyar ta fi ta ƙugu, ta gaza ta tsawo. Ba muguwar yarinya ba ce, har ta ce mini ma'alesh, wato in yi haƙuri, tana kallon ƙasa. Na durƙusa na auna ta. Na farke ɗamarar, na ƙara yadi a gefe biyu, na sake kafa ƙugiyoyi, na rage hannun rigar da ake sawa da shi. Na yi shi daidai, ba wanda zai ce ba don ita aka ɗinka ba. Ban iya aikin banza ba, ko da na so.

Ranar wasan ina bayan labule da allura, don aikina ne. 'Yata tana gida. Na ji tafi, na ji guɗar Larabawa. Da aka tashi wata uwa ta tsayar da ni ta ce farin siket ɗin nan ya fi na kowa kyau, ta nemi lambata.

Abla ta yi mana alkawarin baɗi. Ta ce kanta tana dawowa, wata uku ko huɗu, a fara daga sanda. Yarinyar ta koma, ta sake bin bororo da filasta daga farko. Amma kafin shekara ta zagayo, mai makarantar, wadda ita ce kafilin Abla, ba ta sabunta mata zama ba. Ta koma Masar. Aka kawo wata matashiya daga Turai. Ranar farko ta ga 'yata a bakin sanda ta tambayi ko wace ce, aka ce 'yar tela ce. Ta ce mai jiran tela a ɗakin awo yake jira. Babu wanda ya ce mata ba haka aka saba ba. Yarinyar ta ɗauki jakarta ta fito, daga nan ba ta sake taka gidan ba. Ni ina zuwa har yanzu, don da ɗinkin nake ci.

Mahaifinta da ya ji duk abin da ya faru, cewa ya yi Allah bai nufa ba, kuma kada a ɓata wa yayarsa rai, da kyakkyawar niyya ta yi. Na san da kyakkyawar niyya ta yi. Shi ya sa ba ni da wurin ajiye fushin. Da mugunta ce, da na san ƙofar da zan buga.

Yarinyar ba ta yi wa gwaggonta rashin kunya ba, ba haka na rene ta ba. Tana gaishe ta, tana karɓar aike. Abu ɗaya ta janye: ba ta sake yi mata Hausa ba. Yaya za ta shigo da kwanon ɗanwake ta ce, "Balbela, ga naki da yaji," sai ta amsa da dogon Larabci mai ladabi, irin na makaranta, wanda ta san tsohuwar ba za ta kama ko kalma ɗaya ba. Sai Yaya ta juyo gare ni.

"Amaryarmu, me ta ce?"

"Ta ce ta gode, ta ƙoshi."

"Duk wannan zancen, ta ƙoshi kawai?"

"Shi ke nan abin da ta ce."

Har yau Yaya ba ta yarda ita ta hana rawar ba. Cewa take yi baƙin cikin Larabawa ne da maita, kuma a rabin farko ban musa mata ba. Ashe ranar ƙunshin, bayan na kwance tsumman, ɗaya daga cikin maƙwabtan ta ɗauki hoton ƙafafun da wayar Yaya. Yana nan a wayar. Duk uwar amaryar da ta zo ciniki, shi take fara nuna mata, ta ce a duba, wannan ƙafar da kamar ta raƙumi take. Kuma suna dubawa su ce irin wannan suke so.